Gani Ya Kori Ji

Ina da shekara uku shan inna ya kama ni. Zazzaɓin kwana biyar ne, in ji Iya, da ya sauka sai ƙafar dama ta ƙi taka ƙasa. Tun daga nan ni da sanda ba mu rabu ba. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Ringim, lokacin ma muna cikin Jihar Kano, don sai a 1991 aka yanke Jigawa. Sa'o'ina suna tafiya kiwo, da dare su yi langa a dandali, ni kuwa ina gindin dalbejiyar ƙofar gida rungume da rediyon Baba.

Rediyon nan ce ta raine ni. A cikinta na san Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi, kuma ban san kamannin ko ɗaya daga cikinsu ba. Ban taɓa tambaya ba ma. Dogo ne, gajere ne, yana da ƙafa biyu ko ba shi da su, babu ruwan kowa. Kafin na kai shekara goma ina iya ɗauko waƙa tun daga kanta har gindinta ban tsallake ɗango ba. Matan gidanmu in suna surfe sai su aika a kira ni, na zauna kan turmin da aka kifa ina rerawa suna amsawa da taɓarya. Wata gwaggona takan ce Allah ya rage min a ƙafa ya ƙara min a maƙogwaro. Ina jin daɗin maganar nan a lokacin.

Wajen 1992 wani ɗan garinmu da ke cirani a Kano ya dawo da talabijin da bidiyo da ɗan janareta. Ya kewaye wani fili da zana, ya shimfiɗa buhuna, sule biyar kuɗin shiga. Mutanen birni sun daɗe da sanin finafinan Indiya, tun shekarun 1950 ake haska su, an cika silimu irin su Plaza da Eldorado ana kallo har an raɗa wa Darmendra suna Sarkin Ƙarfi. Mu kuwa a daren nan muka fara gani. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma da jarumin ya buɗe baki ya fara waƙa a kan dutse, iska tana kaɗa masa gashi, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ashe waƙa tana da fuska.

Na yi shekara biyu ina rantsuwa cewa babu mawaƙi a duniya kamar Amita Bacan. Mai gidan kallon ne ya kwance min kai wata rana muna zaune yana goge kan bidiyo da tsumma da fetur. Ya ce: “Kai yaro, ai ba shi yake yi ba. Baki kawai yake motsawa. Masu waƙar suna can a ɗaki, su Kisho Kumar da Muhammad Rafi. Matan nan kuma da kake gani kala-kala, rabinsu muryar mace ɗaya ce, Lata.” Na yi dariya na ce ƙarya ne. Da na san abin da ke gabana da ban yi dariyar ba.

A gidan kallon nan na fara ganin Maikel Jakson. Wani kaset ne da aka yi ta kwafa har hoton ya koɗe, yana rawa yana tsalle. A ciki akwai Thriller, wadda ta fito a ƙarshen 1983, kusan minti 14, inda matattu suke fasa kaburbura su fito su yi sahu suna rawa. Yara suka watse da gudu har aka ture zana. Ni da ba ni da ƙafar gudu na zauna na gani har ƙarshe. Washegari duk yaran gari suna jan ƙafa da baya a cikin rairayi wai su Maikel ne, kuma babu wanda ya iya rera ko layi ɗaya na waƙar. Rawar suka riƙe da jar rigar. A ranar ya kamata na gane inda duniya ta dosa, sai dai yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Daga baya finafinan Hausa suka iso. An ce Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, a 1990, shi ya buɗe hanya, amma mu a ƙauye Sangaya ne ya tafi da mu, a wajejen 2000. Kiɗan fiyano, saurayi da budurwa suna waƙa suna amsa wa juna da Hausarmu. Babu yarinyar da ba ta san Ali Nuhu da Fati Muhammad ba. In ka tambayi wa ya rera, sai a dube ka kamar ka yi tambayar banza. Sai da na je birni na ji sunan Misbahu M. Ahmad.

Baba ya rasu a 2001, da damina, ana tsakiyar noman farko. Ni ne ɗan fari. Ba na iya riƙe fartanya na wuni, ƙannena ne suke noma ni ina tsaron tsuntsu, kuma ko ba a faɗa ba na san ci nake ba na kawowa. A 2003 na hau motar kasuwa na tafi Kano da kaya a leda.

Na samu wata situdiyo a wajen titin gidan zu. Shara nake yi, na sayo wa masu aiki abinci, da dare na shimfiɗa kwali na kwana kusa da fiyanon Yamaha. Wata rana ɗan amshi bai zo ba aka ce na gwada. Mai kiɗan ya cire abin kunnensa ya juyo ya dube ni, ya ce na sake. Daga nan na zama ɗan amshi, ɗari biyu, ɗari uku, ranar sa'a ɗari biyar. Shekara uku ina haka. Muryata ta shiga finafinai da dama a bayan muryar wasu, ta fita daga bakin wasu, har na daina lissafi.

Lokacin kasuwar faifan bidiyo na waƙoƙi zalla ta buɗe. Kaset yana ja da baya, faifan CD ya shigo, kowane mai shayi yana da ɗan akwatin kallo. Sai zuciya ta fara raya min cewa ni ma lokacina ya yi. Ina da waƙoƙi shida da na rubuta, kuma akwai guda ɗaya da na fi ji da ita, wadda na yi wa Baba, a kan maraici da gonar da ya bari. Wani furodusa ya saurara ya ce wannan in ta fita an gama. Ya yi min lissafi a bayan kwalin sigari: situdiyo, kamara, lokeshan, editin, buga kwali, naira dubu 180.

Na koma gida na ce a fitar min da rabona na gado zan bayar jingina. Baffa ya kira ni zaure bayan sallar isha'i. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi: “Ɗana, mai ƙafa biyu ma in ya rabu da gona yawo yake shiga. Kai in ta tafi, ina za ka tsaya?” Na ce: “Baffa, wata shida kawai, zan fanshe ta har na ƙara wata.” Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce Allah ya sa. Iya ba ta ce komai ba. Da ma tsakanina da ita akwai kunyar ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta yaba min a gaban mutane, ba ta kuma tsawata min kai tsaye. Da asuba na tarar ta ƙulle min ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake a bakin ƙofa.

An ɗauki murya lafiya. Ranar da muka zauna tsara ɗaukar hoto ne darakta ya dubi sandata, ya dubi furodusa, ya yi gyaran murya. Ya ce: “Abokina, kada ka ji haushi. Muryarka zuma ce, amma 'yan kasuwa fuska suke saya. In ba a ga wanda aka sani a kwali ba, ko kwafi ɗari ba za su ɗauka ba. Mu sa jarumi ya yi mamin, wato ya motsa baki a kan muryarka, sunanka yana nan a rubuce.” Na ce ko a zaune ne a ɗauke ni, ko waƙar Baba kaɗai. Ya ce waƙar Baba ai ita ce kan faifan, ita ce ma ba za a yi wasa da ita ba.

Na yarda. Wannan nake so mai karatu ya riƙe, babu wanda ya sa min wuƙa a wuya. Kuɗin gona sun riga sun narke rabi, kuma can cikin raina ni ma na yarda cewa jikina ba na nunawa ba ne. Tun kafin darakta ya faɗa na riga na faɗa wa kaina.

An yi ɗaukar a wani gida da aka karɓa haya na wuni ɗaya a Nasarawa, mai furanni da ciyawa kore shar. Motar da aka jingina da ita ta aro ce, mai ita yana tsaye a gefe yana duba agogo. Agogon hannun jarumin ma na mai kamara ne. Ni aka ba aikin danna rediyo, tunda na san inda kowane ɗango ya fara. Ina zaune a kan bokitin fenti a bayan kamara, in darakta ya ɗaga hannu na danna, muryata ta cika gidan, wani ya buɗe baki. Jarumin ba mugu ba ne, har lemo ya saya min, ya riƙa tambayata kalmomin da bai ji sosai ba. Amma an mai da waƙar ta soyayya, an kawo yarinya tana zagaya bishiya. Akwai wani wuri a ɗango na uku inda na ambaci ranar da aka ɗauki Baba, muryata ta karye a situdiyo, mai kiɗa ya ce a bar shi haka ya fi daɗi. Daidai wurin nan jarumin ya kashe ido ɗaya yana kaɗa makullin mota a yatsa. Sau huɗu aka maimaita. Sau huɗu ina dannawa.

Yadda kasuwar take a lokacin, kai mai aiki kwali kake bugawa ka kai wa 'yan kasuwa tare da uwar faifan, su kwafa su sa a kwalinka, a biya ka gwargwadon kwalin da ya tafi. Mun buga dubu biyar. Hoton jarumin ya cinye gaba ɗaya, sunana yana baya can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, an ma yi kuskuren harafi ɗaya. Ba a yi mako uku ba na ga waƙar a baron wani mai talla, an haɗa ta da wasu goma sha tara a faifai guda, an yanke farkon da ƙarshen inda sunaye suke don wuri ya isa. Waƙar ta tafi, wannan kam babu ƙarya. A shagon aski, a motar haya, a gidan biki. Kuɗi ne ba su zo ba. Kullum na je sai a ce kwali bai motsa ba, na dawo mako mai zuwa. Na shekara ina hawa benen 'yan kasuwar nan da sanda, abin da na karɓa duka bai wuce dubu 23 ba. Furodusa ya daina ɗaukar wayata. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na dawo gida a farkon 2007 da ledar da na tafi da ita.

Abin da ya fi talaucin ciwo shi ne daren da na shiga gidan kallo na tarar ana haska waƙar. Yara suna bi baki da baki. Ban san lokacin da na ce ni ne na rera ba. Aka yi tsit, sai wani daga baya ya ce: “Kai da wace ƙafar?” Wuri ya kaure da dariya. Ba su yi da mugunta ba, sun ga mutum da idonsu yana waƙa, ni kuma magana kawai na zo da ita. Gani ya kori ji.

Gonar kuma tana bakin hanyar masallacin Juma'a. Wanda ya karɓi jinginar ya shuka riɗi, ya yi kyau har ana nuna shi. Na koma bin ta bayan gari don kada na gani. Daga baya na daina fita gaba ɗaya. Wata takwas ban rera ko da ɗan guɗa ba, abinci sai an matsa min, barci sai gefen asuba. Mutane suka ce iska ce, aka yi ta kawo rubutu da hayaƙi. Ni na san abin da ke damuna, kunya ce da baƙin ciki suka haɗu suka danne ni. A cikin watannin nan ne na ji a rediyo an ɗaure Adam A. Zango wata uku a kan faifan bidiyonsa Bahaushiya, bayan Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tsaurara. Har a ɗakin da nake kwance na lura da abu guda: duk rigimar a kan abin da ido ya gani ake yinta, rawa da sutura. Hoto ne ke kai mutum sama, shi ne kuma ke kai shi gidan yari.

Ranar sunan ɗan ƙanwata mata suka cika gida, wata ta zo da ɗan akwatin faifai ta kunna a tsakar gida. Ina ɗaki na ji an sako ta. Na ja bargo na rufe kai. Iya lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, tana zaune bakin murhu. Sai na ji ta ce a ƙara sauti. Aka ƙara. Har aka zo ɗango na uku. Wata baƙuwa ta ce kai, yaron nan na fim ya iya waƙa. Iya ta ce, ba da ƙarfi ba, kamar da wuta take magana: “Wane yaron fim? Wannan muryar a bayana ta koyi kuka.”

Ba ta kama sunana ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba har ta bar duniya. Da yamma na fito na yi alwala a tsakar gida a gaban kowa.

Baffa ne ya sayar da tunkiya ya saya min ƙaramin janareta, na buɗe cajin waya a bakin kasuwa. Da wayoyi masu memori suka yawaita na sayi tsohuwar kwamfuta na shiga tura waƙoƙi da finafinai. A nan dole na faɗi gaskiya a kaina: abin da mai baro ya yi min, shi na koma ina yi wa wasu, naira hamsin a cika maka memori. Na san haka, kuma ban da wata hujja sai ta ciki. Abu ɗaya na ɗora wa kaina, duk waƙar da ta shiga kwamfutata sai na goge sunan jarumin da aka liƙa mata na rubuta na wanda ya rera. Yara suna mita wai ina wahalar da su wajen nema. Da kuɗin cajin nan da na turin na fanshi gonar a 2015. Wata shidan da na yi wa Baffa alkawari ya zama shekara tara, kuma bai ga ranar ba.

Zaman shago ya sa na yi ta tone-tone a intanet a kan wannan harka da ta cinye min ƙuruciya. Na gano cewa tashar MTV ta Amurka, wadda ta mai da bidiyon waƙa kasuwa, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1981, kuma waƙar da ta fara haskawa ta wasu 'yan Ingila ce, The Buggles, wadda sunanta ke nufin bidiyo ya kashe tauraron rediyo. Na yi dariya ni kaɗai a shago, na ce ashe tun ina goye aka yanke min hukunci. Na karanta cewa a farkon tashar ba kasafai take sa baƙar fata ba, sai da Billie Jean ta Maikel ta fito a 1983 ƙofar ta buɗe sosai. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne labarin Milli Vanilli, samari biyu kyawawa masu kitso da aka haɗa a Jamus. Sun ci kyautar Grammy a 1990, a shekarar kuma aka ƙwace ta da aka tabbatar ba su suka rera ko waƙa ɗaya a faifan ba. Duniya ta yi ta tausaya musu ko tana zaginsu. Ni waɗanda suka yi waƙar a ɗaki nake tunani, ko a kan wane bokiti suka zauna.

Ban ce mamin haramun ba ne. A Indiya an gina sana'ar a kansa, amma Lata Mangeshka ta rasu a 2022 ƙasar gaba ɗaya tana makokinta, don kowa ya san sunanta. A nan ma abin ya gyaru ƙwarai. Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Naziru Sarkin Waƙa duk an san su da fuskarsu. Arewa24 ta zo a 2014, YouTube da TikTok suka shigo aljihun kowa. A 2020, lokacin kullen korona, Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta zagaye ƙasar nan ta wayoyin matan aure, kuma kowa ya san mai ita. Yaran da ke zuwa shagona da waƙa a waya suna neman shawara, abin da nake gaya musu bai wuce uku ba. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu ko da furodusan ɗan uwanka ne. Sunanka ya fito a kan hoton kansa, a tsakiyar waƙa inda almakashi ba ya kaiwa. Gona kuma ba a kai ta lokeshan. Wasu suna ji, wasu kuma ina ganin idonsu irin nawa ne a zauren Baffa.

Bara da kaka, bayan mun yanke gero, babbar 'yata ta ce sai ta ɗauke ni ina waƙar kakanta. Na yi ta zillewa, ta nace. Muka je gonar da la'asar, na zauna a kan dami, babu fiyano babu komai. Ta ɗaga waya, sai ta sauke, ta zo za ta ɗauke sandata daga jikin damin.

Na ce: “Ina za ki kai ta?”

Ta ce: “Baba, tana fitowa a hoton.”

Na ce ta mayar da ita inda take.

Na rera tun daga farko. A ɗango na uku muryar ta sake karyewa a wurin da ta saba, yarinyar ba ta tsayar ba. Ta ɗora a TikTok da daddare. Mutum ɗari huɗu da 'yan kai suka kalla, yawancinsu 'yan garinmu da ke Legas da Abuja. Bayan kwana biyu ta zo shago da gudu tana huci, wai wani ya rubuta cewa tsohon nan ya iya kwaikwayon waƙar jarumi wane, har ya kusa kamo shi. Ta ce me za ta mayar masa.

Ina cire wayar wani daga caji. Na ce ta rubuta sunana, da sunan Baba, da sunan garinmu, ta kuma duba harafin da kyau kafin ta tura.